Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A cikin shekarun 1980, zamanin da tafireta kan kwana tana ƙara, akwai wani dattijo mai duba fassarar labarai a ofishin wata jarida a Ikko. Ba shi da yawan magana, amma jan bironsa ba ya barin kuskure ya kwana. Samarin da ke ƙarƙashinsa sukan ce ya cika tsanani, domin yakan tsai da shafi sukutum saboda kalma ɗaya tak.

Ran nan da daddare aka kawo rahoton kotu da Turanci. An gurfanar da wani ɗan tireda bisa zargin sata, mai shaida kuwa ya ce ya gan shi yana gudu "as if he were a thief". Saurayin da aka ba fassarar ya rubuta cewa, in ji mai shaida, ga dukan alamu mutumin ɓarawo ne. Dattijo ya karanta, ya cire tabarau, ya kira shi.

"Ɗana, mai shaidar nan cewa ya yi mutumin ɓarawo ne?"

"Ai kusan haka ne, Malam."

"Kama da wane ba wane ba ne. Gudunsa ya kwatanta, kai kuwa ka yanke masa hukunci kafin alƙali."

Ga abin da dattijon ya hango. Idan Bature zai yi kwatanci da "as if" ko "as though", hanya biyu ke gabansa. In ya ce "he talks as if he were the chief", nufinsa mutumin yana magana sai ka ce shi ne sarki, alhali kuwa mai maganar bai ce shi ne ba, sau da yawa ma ya san ba shi ba ne. In kuwa ya ce "it looks as if he is the chief", to, ya karkata ga gaskatawa ke nan, watau da alama shi ne sarkin. Ta farko sigar ƙaddarawa ce, ta biyu sigar ba da labari. Wanda ya zauna gaban malamin nahawu ba zai yi mamaki ba, gama Larabci ma ya raba "lau" da "in". Bahaushe kuma ya san "da ya zo, da na gan shi" dabam take da "in ya zo, zan gan shi".

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma Turanci ya zubar da kusan dukan alamun wannan siga tun da daɗewa, a irin wannan kwatanci babu abin da ya saura a fili sai "were", ita ma sai tare da "I", "he", "she", "it" ko sunan abu guda. In ana zancen "you", "we" ko "they", dama can "were" ake cewa, saboda haka alamar ta ɓace. Bugu da ƙari, Turawan da kansu sukan ce "as if he was" a hirar yau da kullum. Tun a 1926 masanin nan H. W. Fowler ya rubuta a ƙamusinsa na amfani da Turanci cewa sigar tana kan gargara. Ya yi gaggawar haƙa kabari, domin har yau tana nan a rubuce-rubuce, ba ta cika ba.

Saboda haka "was" ita ce mai fuska biyu. Wani lokaci "is" ce aka mayar baya don labarin ya wuce, wani lokaci kuma "were" ce ta tuɓe babbar riga ta sa ta zaman gida. A nan ƙa'ida ba ta fid da mai fassara, sai ya karanta abin da ya gabata da abin da ya biyo. Ita "were" ɗin ma ba rantsuwa ba ce cewa abin ƙarya ne, iyakarta mai magana bai ɗauki nauyin tabbatarwa ba. Nauyin da mai shaida ya ƙi ɗauka gaban alƙali shi saurayin ya ɗora wa jarida, kuma da an buga haka, da maƙwabtan ɗan tiredan sun karanta cewa an shaide shi da sata.

Dattijo bai yi dogon bayani ba a daren, don direban motar da ke kai jarida Arewa ya riga ya fara danna ham. Ya soke layin, ya rubuta a samansa: "yana gudu sai ka ce ɓarawo." Saurayi ya mayar da takarda cikin tafireta, fuska a murtuke, ya sake bugawa. Shafin ya makara, aka yi ta gunaguni a ɗakin ɗab'i. Ɗan tiredan kuwa yana tsare a lokacin, bai san an yi ba.