Alaska: Ƙasar Da Ake Rataya Libarba A Ƙirji

Can ƙuryar arewa maso yammacin nahiyar Amurka ta Arewa akwai wata jiha wadda ake kira Alaska. Amurka ta saye ta daga hannun Rasha cikin 1867 a kan dala miliyan 7 da dubu 200, kana ta zama jiha ta 49 cikin 1959. Girmanta ya kusa biyun na Nijeriya, amma mutanenta duka ba su kai miliyan ɗaya ba. Ko Juneau, babban birnin jihar, ba a shigarsa daga waje sai ta jirgin sama ko na ruwa. Saura kuwa daji ne da duwatsu da ƙanƙara.

Mai sarautar wannan daji wata dabba ce da ake kira beyar. An ƙiyasta masu launin ƙasa-ƙasa kaɗai sun kai 30,000 a jihar. A tsibirin Kodiak, ƙasaitaccen namiji yakan kai kilo 680, amma duk da wannan jiki yana gudun mil 30 cikin awa guda. Da zarar ƙanƙara ta narke, kifin salmon ya hauro koguna, sai dabba da masunci su haɗu a bakin ruwa ɗaya. To, masunci hannuwansa biyu na kan fatsa, doguwar bindiga kuwa tana jingine can jikin itace. Dalili ke nan da mutanen wurin suka riƙi libarba, suna rataya ta cikin kube a ƙirji, inda ruwa ba ya kaiwa, hannu kuma ba ya lalube.

Abin da ya sa suka amince da ita shi ne rashin rikici. Harsashi biyar ko shida take ci, in ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama, na gaba ya zo. Gardamar tana wajen zaɓe. Tsohuwar ma'auni ita ce .44 Magnum, wadda kamfanonin Smith & Wesson da Remington suka ƙera a 1955. A 2003 aka fito da .500 Magnum, wadda mai dogon baki daga cikinta ta kai wajen kilo 2. A 2005 kuma kamfanin Ruger ya fito da wata mai gajeren baki, inci 2 da rabi, ya raɗa mata sunan jihar. Harsashin da ake so shi ne na darma mai tauri, domin ya keta kitse da ƙashi.

Amma fa ba girin-girin ba, ta yi mai. Bindiga mai nauyi takan ƙare a cikin tanti ranar da ake bukatarta. Mai tsananin ƙarfi kuma takan naushi hannun mai ita har ya riƙa ƙyafta ido tun bai ja kunama ba, alhali kuwa beyar da ta taso daga yadi 30 ba ta ba mutum fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Saboda haka wadda ta dace ita ce wadda mutum zai iya yini da ita, ya kuma sami bara sau biyu a jere.

Har wa yau, libarba ba laya ba ce. Wani bincike da masana Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka buga a 2008 ya nuna kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka fesa wa beyar ruwan barkono sun tsira ba rauni. Na 2012 kuwa ya nuna ƙaramar bindiga ta tsai da dabbar a kashi 84 cikin ɗari na gamuwar da aka duba. Doka ma ba ta sakar wa mai bindiga mara ba: wanda ya kashe beyar don kare kansa lalle ne ya sanar da hukuma nan da nan, ya kuma miƙa mata fata da ƙoƙon kai.

Don haka matafiyi mai hankali a Alaska yakan tafi yana ɗaga murya don kada ya yi wa uwa mai 'ya'ya ba-zata, ya kuma ajiye abincinsa nesa da makwancinsa. Libarba tana nan a ƙirjinsa, amma babbar nasararsa ita ce ya komo gida da harsashinsa cif.