Abokan Da Na Samu A Hayin Binuwai

Duk yaron da ya ci jarrabawa zai tafi jami'a, abu uku iyayensa su kan tanadar masa, watau kuɗin makaranta, da akwatin tufafi, da ɗan garin kunu. Amma akwai na huɗu wanda ba a sayarwa a kasuwa, sai ya je can ya nema da kansa. Wannan kuwa shi ne aboki. Da ya ke da yawa cikinku in kun gama wannan kwaleji za ku zarce jami'a, na ga ya kamata in ba ku labarin yadda na sami nawa, ko Allah ya sa wani ya ƙaru.

Ni mutumin Ajiya ne, cikin Jimeta. Nan aka haife ni, nan na yi karatuna na fari, abokaina duka 'yan unguwa ne. A 2012 na sami shiga jami'ar nan da ke hayin Binuwai, cikin ƙasar Girei. An kafa ta a 1981, a 2011 kuma aka sa mata sunan Modibbo Adama, wanda ya kafa garin Yola a 1841. Daga gidanmu ba wata tafiya ba ce, ka hau mota ka ƙetare gada ke nan. Amma da na shiga sai na ga kamar an tattaro Nijeriya duka an zuba wuri guda. Ga Fulani, ga Bachama daga Numan, ga Chamba daga Ganye, ga Kilba daga Hong, ga Higi daga Michika, ga kuma Yarbawa da Ibo da Tibi waɗanda suka zo daga nesa.

Abin da na fara lura da shi, ko wane sabon shiga nasa ya ke nema. 'Yan gari ɗaya su kama gindin itace ɗaya, su ci tare, su yi hira da harshensu. Wannan ba laifi ba ne, baƙunta ce. Amma wanda ya tsaya nan sai ya shekara biyar ya fita da takardar shaida, bai san kowa ba sai waɗanda ya zo da su. Mu 'yan Jimeta abin ya fi saurin kama mu, don da an tashi daga lacca sai mu hau mota mu koma gida. Mahaifina ya hango haka, ya ce lalle in zauna ɗakin kwanan ɗalibai, in riƙa zuwa gida ran Jumma'a kaɗai.

Aka haɗa ni ɗaki da wani ɗan Michika, Kirista. Kwana biyu ba abin da ke haɗa mu sai "ina kwana". Ran na uku ya kunna risho zai dafa shinkafa, ba shi da yaji, ni kuwa ga yaji ba risho. Muka dubi juna muka yi dariya, muka ci kwano ɗaya. Daga nan ya riƙa koya mini lissafi, ni ina gyara masa Turanci. Da azumi ya zo, shi ke tashe ni sahur, don shi mai karatun dare ne, bai kuwa taɓa cin abinci gabana da rana ba. Ran Lahadi in ya tafi coci, ni ke duba masa tukunya.

Na biyu wani Ibo ne daga Enugu, ko "zo" bai sani ba da Hausa. Na gan shi yana fama da mai lemo, na tsaya na yi musu tafinta. Ran Asabar na kai shi kasuwar Jimeta, na koya masa ciniki, da yadda a ke cewa "albarka". Kafin shekara ta zagayo ya iya gaisuwa har da Fulatanci.

To, ba a san aboki ba sai ran wuya. Cikin watan Satumba na 2014, 'yan Boko Haram suka kama Michika, cikin Oktoba kuma suka kama Mubi. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, waɗansu a ƙasa ta cikin daji, ba su da kome sai tufafin jikinsu. Uwar abokina da ƙannensa uku suka iso tashar mota, ba su san inda za su sa kai ba. Bai roƙe ni kome ba, fuskarsa ce ta gaya mini. Na je gida na durƙusa na ce, "Baba, ga halin da abokina ya ke ciki." Ya ce, "Abokinka ai ɗana ne. Tashi ka taho da su."

Lokacin nan kowa na tsoron baƙo, har waɗansu maƙwabta suka yi ta gunaguni. Mahaifina ya ce musu shi ya san yaron, ya ci abinci gidansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Suka zauna wurinmu wata biyar. Uwarsa tana kiran mahaifiyata Yaya, tare su ke daka, tare su ke tuwo. Yau sun koma garinsu, amma ba a suna ko biki gidanmu ba su zo ba, mu ma haka. Zumunta a ƙafa ta ke.

Kada fa ku ce duk wanda ya yi muku murmushi aboki ne. Akwai mai janye ka daga karatu zuwa yawon dare, akwai mai so ka ba shi amsa cikin jarrabawa, akwai mai lallashinka ka shiga ƙungiyar asiri. Irin waɗannan a gaisa a wuce, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka duba wanda in ka yi kuskure zai gaya maka ku biyu, in ka yi ciwo zai kai ka asibiti, in lokacin ibadarka ya yi zai ba ka wuri. Ka fara yi masa sallama, kada ka jira shi ya fara.

Ku kuma da za ku zama malamai, ku tuna ajin da za a ba ku haka zai kasance, yara iri iri, harshe dabam dabam. In za ku zaunar da su, ku gauraya su, ɗan wannan gari kusa da ɗan wancan, su yi aron fensir da juna tun suna ƙanana. Allah ya haɗa mu da abokan kirki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.