Kunne Kafin Sifana

Mu da muke neman abinci a kan babur mun san ba ya lalacewa sai ya yi magana. Ƙyas-ƙyas daga saman inji, bawul ne ke neman saiti. Kwaram-kwaram ta baya idan an saki totur, ceni ya yi sako-sako. Amma bugu mai nauyi daga ƙasan inji, kashewa muke yi mu tura wajen bakanike, tun gyara bai cinye cinikin wata guda ba.

Kuloci ma da nasa yaren. In inji yana kururuwa gudu bai ƙaru ba, yawanci wayarsa ce ta ɗame, kulocin na sulɓewa yana ƙonewa. In giya ta shiga da gam, babur na jan jiki alhali an damƙe hannun, wayar ta saki da yawa. Sai mu sassauta noti, mu juya saiti har hannun ya samu sarari na milimita 2 zuwa 3 a gindinsa, mu ɗaure.

'Yan uwa marubuta, ku zauna garejin unguwa ku kasa kunne. "Babur ya yi ƙara" bai isar da komai ba. Wace irin ƙara?