Gangar wiski a Sikotlan, buhun aya a Cadawa

Shekaranjiya wani ƙanena da ke aiki a Turai ya turo mini wata talla da ya gani a Facebook, ya ce: "Yaya, dubi abin da mutanen nan suke zuba kuɗinsu a ciki." Tallar ta gangunan wiski ce. Mutum ya sayi ganga guda cike da giyar da ba ta nuna ba, a bar masa ita a ma'ajiya a Sikotlan shekara goma ko ashirin, sannan ya sayar da riba. Na ce masa maganar mu saka kuɗinmu ba ta ma taso ba. Giya haramun ce, kuɗinta haramun ne, ko da mutum bai taɓa kurɓar ta ba. Shi ma ya sani. Amma na kwana ina juya abin a raina, domin wannan kasuwanci na san shi tun ina yaro. A garinmu Cadawa, a jihar Maraɗi ta Nijar, buhun aya ne gangarmu.

Ga yadda nasu yake. Dokar can ta ce sai giyar ta yi aƙalla shekara 3 cikin gangar katako a Sikotlan kafin ta ci sunan wiskin ƙasar. Tana zaune tana ragewa, wajen kashi 2 cikin 100 na bin iska duk shekara, kuma idan ƙarfinta ya sauka ƙasa da kashi 40 ta rasa sunan, darajarta ta zube. Abin da ya ruɗi jama'a shi ne labarai irin na 2022, lokacin da aka sayar da ganga ɗaya ta Ardbeg, wadda aka cika a 1975, a kan fam miliyan 16. Daga nan 'yan fansho da masu ɗan abin hannu suka yi ta saye ta waya da intanet. A 2025 BBC ta yi bincike ta nuna mutanen da aka sayar wa gangar da babu ita ko kaɗan, da waɗanda aka sayar wa ganga ɗaya su da yawa. Takarda ce kawai a hannunsu, ba su taɓa taka ƙofar ma'ajiyar ba.

Duk wanda ya tashi tsakanin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji ya san wahalar aya. Ana tona ƙasa ne a tankaɗe ta, mata da yara cikin ƙura tun safe har rana ta faɗi, tari ya bi mutum har gida. Tana cin taki, tana gajiyar da gona. Ga shi lokacin da aka gama haƙar ne kowa ke fito da tasa kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Manomi ya san sarai cewa idan zafi ya shigo, ko azumi ya kama, masu kunun aya daga Maraɗi har Katsina da Kano za su neme ta da tsada. Ya sani, ba sai an gaya masa ba. Sai dai akwai bashin taki a wuyansa, akwai auren 'ya, akwai mara lafiya a ɗaka. Dole ya auna wa ɗan kasuwa tiya-tiya, shi kuma ya jibge a magaza ya kulle, bayan wata biyar ya ɗora a mota ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Wanda ya sha ƙura daban, wanda ya ci ribar jira daban. Wannan ne ke ci mini rai, domin na ga mahaifina ya sayar da aya da kaka, sannan muka ga irinta a kasuwa da bazara da kuɗin da ya sa ya yi shiru har muka iso gida.

Ba ina cewa ɗan kasuwa ɓarawo ne ba. Shi ma kasada yake yi. Aya na bushewa tana rage nauyi, kamar yadda gangarsu ke ragewa. Ga ƙwari, ga ɓera, ga danshi idan rufin ya yi yoyo. Babbar kasadar ma ba ta cikin magaza. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, sai Disambar 2020 ta buɗe. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, a shekarar kuma naira ta faɗi, mai saye daga kasuwar Dawanau ta Kano ya zo da kuɗin da ba ya sayen abin da yake saye a da idan aka canza shi zuwa sefa. Wanda ya tara buhuna yana jiran Kano ya ji a jikinsa.

Akwai dabarar da aka kawo Nijar wajen 1999 ta hannun wani shirin hukumar FAO, wadda ake kira warantaj. Manoma su haɗa amfanin gonarsu a magaza ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Su karɓi wani kaso na kuɗin kayan su kashe buƙatar kaka, idan farashi ya tashi a buɗe, a sayar, a biya. Kwaɗo biyun nan sun fi mini duk takardun masu wiski, domin kowa ya ga buhunsa da sunansa a jiki, kuma ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Inda nake tsayawa shi ne kuɗin ruwa. Dattawa da yawa a nan sun ƙi shiga saboda shi, kuma ban ga laifinsu ba. Da masu hali na garinmu, da 'yan uwanmu da ke waje irin ƙanena, za su sa kuɗi a matsayin jari, a raba riba a raba asara da manomi, da an wuce wannan matsalar. Kuma aya nake nufi, ban ce gero ba. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba zai so a kulle hatsi ana jiran yunwa ta ɗaga farashi ba.

Wani abin da ya fara ba ni tsoro shi ne, cutar masu ganga ta iso mu. Wani abokina ya tura kuɗi ta waya ga wani da ya ce zai saya masa buhu ashirin ya ajiye. Hoton buhuna aka turo masa. Da bazara ya zo ɗauka, ya tarar mutum uku suna tsaye a ƙofa ɗaya, kowa da hoton nan a wayarsa.

Don haka na ce wa ƙanena, idan yana son ajiya ya bari sai kaka. Baffanmu zai je da kansa a auna a gabansa, a ɗinke, a rubuta suna a kowane buhu. Kuma mu saya a hannun manoman da muka sani, da sharaɗin idan an sayar da bazara suna da kasonsu cikin abin da ya hau. Ya ce zai turo kuɗin buhu goma mu gwada bana.