Kifi a kwatarniya

Daga watan Agusta, idan Gulbin Zamfara ya yi ambaliya ya cika fadamun Kebbe, tafkunan gefen Tambuwal suka batse, za ka riƙa cin karo da yara ɗauke da gorar roba, 'yan kifaye kamar ɗan yatsa suna kai-komo a ciki. An kamo su da gyale ko tsohon gidan sauro. Kafin kwana uku galibinsu sun juya ciki sama, yaro na kuka yana cewa ai ya ba su abinci.

Abincin ne ma ya kashe su. Ana zuba musu dusa da ɓarɓashin tuwo safe da yamma, abin da ba su ci ba ya nutse ya ruɓe. Kifi kuma yana fitar da guba daga jikinsa, wadda masana ke kira amoniya. A tafki ba ta taruwa, amma a gora ba ta da wurin zuwa. Ga bakin gorar ƙunci, iska ba ta taɓa fuskar ruwan sai kaɗan. Ga rana ta dafa robar, alhali ruwa in ya yi zafi iskar da kifi ke shaƙa raguwa take yi a cikinsa.

A birane maganin da ake saya shi ne akwatin gilashi da na'urar tace ruwa. Wannan na'ura wuta take so ba dare ba rana, kuma kowa ya san yadda wuta take a garuruwanmu. In ta tsaya wuni guda, ƙananan halittun da ke zaune cikin sosonta suna cinye gubar su ma sai su fara mutuwa.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne tsohuwar kwatarniya da aka daina wanki da ita. A shimfiɗa laka kaɗan daga tafki a gindinta, a rufe da yashi mai kauri, a zuba ruwan rijiya a hankali, a ɗora kainuwa uku ko huɗu a sama, a ajiye ta inda inuwar darbejiya ke barin hasken safiya ya ratso. A bar ta mako biyu ko uku ba kifi, har ruwan ya kwanta, ana hango yashin. Sannan a sa kifi biyu ko uku, ƙanana.

Leƙa ƙarƙashin kainuwar ka gani. Saiwoyinta sun zubo kamar gemu, 'yan kifin suna shiga tsakaninsu suna tsince-tsince. Waɗannan saiwoyi su ne matatar. Gubar da kifi ya fitar taki ce ga tsiro, kainuwa kuwa ba ta wasa da ci, ba banza aka ce mata dashen Allah ba. Jikin kwatarniya yana tsattsafo ruwa, iska na busarwa, cikin ya yi sanyi ko a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Sauron da ya zo yin ƙwai kuwa, abinci ya kawo.

Turawa ma da haka suka fara. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana yadda ya riƙe kifi biyu da ciyawar ruwa a mazubi ɗaya ba tare da canza ruwan ba, ya ƙara da katantanwa don ta cinye abin da ya ruɓe. A 1999 Diana Walstad ta Amurka ta fitar da littafi kan wannan hanya, har yau masu kiwon kifin ado na kiran hanyar da sunanta. Sai dai katantanwar nan ban yarda a kwaikwaya ba. Ta tafkunanmu ita ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma yara ne za su riƙa tsoma hannu. Duk wadda ta maƙalo a saiwa a cire ta.

Kainuwar ma tana da iyaka. In ta rufe fuskar ruwan gaba ɗaya, da asuba za ka tarar da kifin a sama suna haɗiyar iska, don tsiro da dare shi ma shaƙa yake yi. A riƙa kwashe rabi ana zubawa a juji. Tarwaɗa kuwa, duk da tana jure ruwan da zai kashe wasu saboda tana iya shaƙar iskar sarari, ba ta zaman lafiya da maƙwabta. Za ta girma ta haɗiye su, wata rana da dare ta fice. Karfasa ƙarama ta fi sauƙi, ita ma in ta kai tafin hannu a mayar da ita tafkin da aka kamo ta.