Juliyan da Jak: Abotar da Ta Yi Tsami

Akwai wani littafin yara mai suna Wonder, wanda marubuciyar Amurka R. J. Palacio ta fitar a 2012, aka mai da shi fim a 2017. Labarin Ogi ne, yaron da aka haifa da nakasa a fuska. Amma mu hankalinmu ya fi tsayawa kan Juliyan, jagoran masu tsangwamarsa a aji, da abokinsa Jak.

Jak ma ya taɓa kushe Ogi a bayan idonsa don ya burge Juliyan. Daga baya ya yi nadama, har ya kai wa Juliyan naushi ranar da ya ci mutuncin yaron, haƙori ya fita. Sai Juliyan ya zuga 'yan ajin suka ƙaurace wa Jak. A ganinmu, juya masa baya da nasa ya yi ya fi naushin ƙona masa rai. Kuma a gida aka ɗaure masa gindi, domin mahaifiyarsa ce ta goge fuskar Ogi daga hoton 'yan ajin.

Mu da 'ya'yanmu ke karatu a Kudu, wannan ba baƙon abu ba ne. Idan ana ce wa namu "aboki" da sigar raini, wani lokaci yaro Bayarabe ko Ibo ne zai fita daga cikin masu tsokanar ya tsaya masa, shi ma a haɗa da shi. Irin waɗannan yaran ba kasafai muke sanin ko sunansu ba, balle mu taka mu gaida iyayensu.