Yunwar ƙarfe goma da na gamu da ita a Faransa

Shekarun baya na samu tafiya horo na wata ɗaya a Besançon, wani gari a gabashin Faransa da kogin Doubs ya kusa kewayewa, inda jami'ar garin take da cibiyar horar da malaman faransanci daga ƙasashe daban-daban. An sauke ni a gidan wata dattijuwa mai kirki. Da safiyar farko ta aje mini kafe a cikin kwano, da guntun burodi, da man shanu, da wani abin shafawa mai zaƙi na ƴaƴan itace. Na ci, na zauna ina jiran abinci. Da na ga tana goge tebur sai na gane an gama. Ta ce: "Mushe, ka ƙoshi?" Kunya ta sa na ce: "Ƙwarai kuwa, Madam."

Ni ɗan Maraɗi ne da ya tashi da ɗumamen tuwo da miyar kuka, ko koko da ƙosai. Kafin ƙarfe goma da rabi cikina ya fara kuka. Malamar tana bayani, ina jin muryarta amma ba abin da ke zama a kaina. Ta yi mini wata tambaya mai sauƙi, irin wadda nake yi wa ɗalibaina, na kasa amsawa. A nan take na tuna wani yaro da ke zama a kujerar baya a ajina, wanda kullum wajen wannan lokaci yake kifa kai a kan tebur. Sau nawa na kira shi malalaci, na sa shi durƙuso? Ban taɓa tambayarsa ko ya karya ba.

Da muka saba da sauran malaman, sai na ga ba ni kaɗai ke fama ba. Wata daga Biyetnam ta ce su da safe romo mai zafi da taliyar shinkafa da nama suke sha. Ɗan Japan ya ce a gidan iyayensa shinkafa ce da kifi da ɗan romo. Ɗan Maroko ya ce burodi da man zaitun da shayi mai na'ana'a. Ɗan Senegal kuwa burodi ne da aka cika da dafaffen wake, da kafe Tuba. Kowa na ganin nasa ne karin kumallo na gaskiya. Har kalmar ta ba ni mamaki da na tsaya na duba ta: "déjeuner" a asalinta karya azumi take nufi, kamar yadda mu ma muke cewa karya kumallo.

Sannu a hankali na fahimci Bafaranshe ba rowa yake wa cikinsa ba. Ya ci kaɗan da safe ne don ya san da tsakar rana cikakken abinci na jiransa. Yaronsa yana ci a ɗakin cin abinci na lakwal, da la'asar kuma a ba shi abin taɓawa. Duk da haka, a 2019 gwamnatinsu ta soma raba karin kumallo kyauta a makarantun unguwannin talakawa, don an lura akwai yaran da ke zuwa aji ba su ci kome ba. In ƙasar da ke da wannan tanadi ta damu, ina ga mu?

Da na komo gida, ranar farko na ce wa ɗalibaina duk wanda ya ci abinci kafin ya fito ya ɗaga hannu. Hannuwan ba su kai rabi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, don kada wani ya ji kunya. Wasu babu ce a gidansu, musamman idan damina ta kusa, rumbu ya yi ƙasa. Amma da yawa ba babu ba ce. Wani ba a hura wuta ba kafin ya fito. Wata sai ta ɗebo ruwa ta yi wanke-wanke, lokaci ya ƙure. Wasu an ba su dala biyar ko goma, sun sayi alawa da ruwan sanyi mai launi a bakin ƙofa. Sukari yana tada yaro na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake shi. Wake da gyaɗa da gero kuwa sukan daɗe a ciki. Yaron nan na kujerar baya, tun tuwon dare ba ya ƙara sa kome a baki sai an tashi da rana. Na nemi gafararsa, ko da yake bai gane dalili ba.

Na san a wasu ƙauyuka da yankunan makiyaya akwai makarantun da ake ciyar da yara da tallafin Hukumar Abinci ta Duniya, amma yawancinmu ba mu cikinsu. Abin da ke hannunmu shi za mu yi. Iyaye, a rage tuwon dare don ɗumame, ko a dama fura, ko kunu da ɗan ƙuli-ƙuli. In kuɗi za a ba yaro, a tambaye shi me ya saya. A lakwal ɗinmu kwamitin iyaye ya zauna da matan da ke talla a bakin ƙofa, aka roƙe su su riƙa kawo ƙosai da shinkafa da wake a hutun ƙarfe goma. Ba a warware kome da kome ba, har yanzu akwai yaran da ba su da ko dala, amma gyangyaɗi ya ragu a ajina.

Ƴan uwana malamai, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin ka ɗaga bulala a kan yaron da ya kifa kai, ka matsa kusa ka tambaye shi a hankali me ya ci yau. Ni sai da na je har Faransa, na zauna a kujerar ɗalibi da yunwa a cikina, kafin na koyi yin wannan tambayar.